Ƙauyen da ke Ƙarƙashin Wutsiyar Jaki

Malachy Gaughan ya yi shekara talatin da takwas yana rabon wasiƙu a gaɓar tekun yankin Mayo, a yammacin Ireland, kuma ba a taɓa jin ya ɓatar da ko katin gaisuwa ɗaya ba. Dogo ne siriri, mai manyan kunnuwa waɗanda hular aiki ke zama a kansu ta huta. Ba ya shan giya sai ranar Asabar, ba ya zagi sai in sarƙar keke ta zame. Da abin ya tsaya nan, da an binne shi an manta da shi cikin mutunci kamar kowa. Amma Allah ya jarrabce shi da taswira.

A shekarar 1936 aka kawo ta. Festy Lavelle, mai kanti a Dunkeera, wanda gidan waya ke cikin kantinsa, shi ya sayo ta daga Dublin ya kafe ta a bango tsakanin buhunan fulawa da kalandar coci. Ba irin taswirar makaranta ba ce mai layuka da ɗigo-ɗigo. Wannan kowane gari da zanensa: nan sarki ne da takobi, can waliyyi ne da sanda, can kuma sojoji ne suna karkashe juna a bakin kogi cikin riguna masu kyau. A teku ga jiragen ruwa da ƙaton kifi mai feshi, a gefe-gefe kuma tamburan manyan gidaje, waɗanda yawancinsu tuni suka sayar da cokulan azurfarsu suka koma London. Duk abin da ya taɓa samun Ireland yana nan an shafa masa launi, har yunwa ma ta fito fes.

Dunkeera ta samu shiga. An zana karyayyar hasumiyarta, inda mutanen garin suka miƙa shugabansu ga maƙiya aka rataye shi, shekara ɗari uku da wani abu da suka wuce. Malachy ya ajiye jakar wasiƙu, ya ɗora yatsa a kan hasumiyar, ya bi hanyar da yake bi kullum da keke, mil biyar yamma, ya haye gada, ya kewaye tudu. Inda ya kamata ya iske Tooravalla, ƙauyen da aka binne cibiyarsa, gida goma sha bakwai kowanne da hayaƙinsa, sai yatsan ya sauka a kan jaki.

Jaki ne sosai, ɗauke da kwanduna biyu na gawayin fadama, irin wanda muke yankawa mu shanya mu hura wuta da shi. Mai zanen ya ga fili babu komai, ya cike shi da abin da ya zo masa. Kan jakin yana wajen tudu, Tooravalla kuwa daidai ƙarƙashin wutsiya.

Festy ya leƙo ta kafaɗarsa yana goge hannu a gaban riga.

"Me kake nema ne, Malachy? Ɗaga wutsiyar mana, wataƙila suna ciki."

Kanti ya ɗauki dariya, har da matar da ta zo sayen kananzir.

"Gara mu," in ji Malachy, kunnuwansa sun yi ja. "Mu dai ba mu taɓa sayar da shugabanmu ba."

"Mun sayar, ga mu kuma a takarda. Ku da ba ku sayar da kowa ba, ina kuke?"

Wannan tambaya ce ta ci rayuwar Malachy. Kafin mako ya zagayo, duk yankin ya koma kiran mutanen Tooravalla 'yan gindin jaki. In sun shigo kasuwar shanu a yi musu kukan jaki, in sun fito wasan ƙwallo a tambaye su ina kwandunan. Sauran mutanen ƙauyen suka yi fushi na 'yan kwanaki, suka fasa hanci biyu ko uku, suka koma gonakin dankalinsu. Malachy kaɗai abin ya tsaya wa a maƙogwaro. Shi da yake kai wasiƙa kowace ƙofa, shi ya fi kowa sanin cewa wurin nan akwai shi.

Ya zauna ya rubuta wa kamfanin da ya buga taswirar, da tawada, da rubutunsa na ranar Lahadi. Bayan mako uku amsa ta zo, shi ya ɗauko ta daga kantin Festy, ya tuƙo ta mil biyar, ya miƙa wa kansa a bakin ƙofarsa, don aiki aiki ne. Suka ce suna godiya ƙwarai, amma taswirarsu ta wuraren da tarihi ya faru ce, in kuwa akwai abin da ya taɓa faruwa a ƙauyensu za su yi farin cikin ji.

Sai ya ba su labari. Ya faɗa musu ranar da teku ta cinye maza bakwai kafin azahar. Ya faɗa musu ƙaton kifin da ya mutu a gaɓa, wanda ƙauye ya yi shekara uku yana kunna fitila da mansa, ya yi wata biyu yana toshe hanci. Ya faɗa musu tsohuwa Sabina da ta kai ɗari da huɗu ba ta taɓa ganin likita ba, wasu sun ce shi ya sa. Amsa ta dawo cewa duk waɗannan abubuwa ne masu taɓa zuciya, amma ba tarihi ba ne. Da alama tarihi sai da sarki a ciki, ko aƙalla wani baƙo ya zo daga nesa ya yi kisan da hannunsa. In teku ce ta kashe ka, ka yi mutuwar banza.

Matarsa Delia gajera ce, mai ƙarfi, mai bakin da ba a so a gamu da shi da sassafe. Tana fere dankali ya karanta mata wasiƙar.

"To ai da sauƙi," ta ce. "Miƙo wuyanka nan. In na yanka ka, gobe za su zana ni da wuƙa, su rubuta sunan garin a ƙasa."

"Ke ba ki san muhimmancin abin ba, Delia."

"Na san muhimmancin rufin akurkin kaji, wanda ka ce za ka gyara tun kafin Ista. Kai mutumin nan, jaki ne fa kawai. Wa ke ɗauko mana makamashi in ba shi ba? Ni da za su tambaye ni, ya fi sarakunan nan amfani."

Bai saurare ta ba. Sau biyu a shekara yake rubutawa, ɗaya bayan shuka, ɗaya bayan tonon dankali, sau biyu a shekara kuma yake kawo wa kansa haƙuri a cikin ambulan. Aka yi yaƙin duniya aka gama, aka sake buga taswirar sau uku, aka ƙara mata jirgin sama a kusurwa, jaki yana nan inda yake.

Abin da zai ba ka haushi da Malachy shi ne, tarihin da yake nema a jakarsa yake, shi yake ɗauko shi kullum a bayan keke. Ambulan ne masu tambarin Amurka, kowanne da tikitin jirgin ruwa a ciki. Yaya ya tafi ya aiko wa ƙane, ƙane ya aiko wa ƙanwa, daga baya a aiko wa tsofaffi. Shi zai miƙa wasiƙar, ya sha shayi, ya taya murna, bayan wata biyu ya taya ɗaukar akwati.

A wajenmu ba a barin wutar gida ta mutu. Akwai murhun da tun kakan kaka yake ci, a binne garwashin cikin toka, da safe a tona a hura. In iyali za su tashi gaba ɗaya, uwar gida takan ɗebi garwashi a shebur ta kai murhun maƙwabta ta zuba, ta ce a riƙe mata kafin ta dawo. Kowa ya san ba za ta dawo ba, ita ma ta sani, amma ba a faɗa. In maƙwabtan su ma suka tashi, sai su kai tasu da ta amanar gida na gaba. Da yake gidan Malachy ne na ƙarshe kafin gada, kuma ma'aikacin gwamnati ba ya zuwa ko'ina, sannu a hankali duk wutar nan ta riƙa gangarowa wajen Delia. Ta san su ɗaya bayan ɗaya. In tana tona toka da safe takan kira sunayen matan, kamar mai kiran kaji.

'Yarsu ɗaya tilo, Attracta, ta tafi Cleveland ta Amurka a 1949. Ita babu garwashin da za ta kai wa kowa, tunda gidan yana nan. Delia ta yi kwana uku ba ta zagi kowa ba, abin da ya tsorata ƙauye fiye da kuka. Bayan 'yan shekaru Attracta ta rubuto cewa a can kowane gidan mutanenmu yana da wannan taswira a falo, a cikin gilashi, in an taru kowa ya sa yatsa ya nuna garinsu. Ta ce 'ya'yanta sun tambaye ta ina aka haife ta, ta nuna musu, yanzu babban yana faɗa wa 'yan ajinsu cewa jaki ne ya haifi mamansa. Da wasa ta rubuta. Malachy bai yi dariya ba. Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihun ƙirji, daga ranar kuma abin ya tashi daga gardama da Festy ya koma wani abu dabam. So yake jikokin da bai taɓa gani ba su sa yatsa su taɓa gidansu.

To, mai nema yana tare da samu. A bazarar 1957 wasiƙa ta zo mai wata irin magana. Mai zanen kamfanin, wani Mista Considine, zai zagaya yamma don sabon bugu, kuma tunda Mista Gaughan ya shekara ashirin yana damun su, zai biyo ta Tooravalla ranar goma sha biyu ga Yuli ya gani da idonsa.

Lokacin gida tara suka rage masu mutane. Malachy ya tara su a bakin gada bayan coci, ya yi musu jawabin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya ce baƙo zai zo daga Dublin, kada a ce an same su cikin ƙazanta. Ka san mutanenmu, sun yarda su kwana da yunwa, amma ba su yarda baƙo ya gane ba. Mako shida aka yi ana aiki. Aka shafe kowane bango da farar ƙasa, har da gidajen da babu kowa. Aka yi sabuwar baibaya inda jinka ta ruɓe. Aka kwashe juji, aka ɗaure aladu a bayan tudu, aka aro tukwanen furanni daga gidan Fada, limamin coci.

Saura abu biyu. Hanya daga gada zuwa ƙauye duk rami ce, motar baƙo ba za ta wuce ba. Sannan a bayan gidan Malachy akwai wani tsohon ɗakin dutse mai kama da kifaffiyar ƙwarya, babu laka babu siminti, duwatsu ne kawai aka jera suka haɗe a sama. Ba wanda ya san wanda ya gina shi. Nan Delia ke ajiye kajinta, kuma shi ne akurkin da ya yi shekara ashirin zai gyara.

"Wannan abin kunya ne," in ji Malachy. "Mutum ya taso tun daga Dublin ya tarar da wannan? Sai ya ce har yanzu a rami muke kwana."

"Kajin fa?" Delia ta ce.

"Zan gina musu na katako, na zamani."

"Za ka gina. Allah ya ba kajin tsawon rai su gani."

Cikin kwana biyu maza suka rushe shi, suka farfasa duwatsun, suka cike ramukan hanya. Kowa ya yaba wa Malachy da dabara, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Ranar goma sha biyu da safe ya ɗebi garwashi daga murhun Delia ya bi gidaje takwas da babu kowa ya hura wuta a kowanne. Delia ta tsaya a ƙofa tana kallon hayaƙi goma sha bakwai suna tashi kamar dā. Ta koma ciki ta daɗe.

Mista Considine ya iso da hantsi cikin 'yar baƙar mota, mutum mai gemu da jakar fensira. Ya sauko ya dubi fararen gidaje, da furanni, da yara da aka wanke har bayan kunne. Aka ba shi shayi da burodi mai zabibi a gida huɗu, ya ci na huɗun da ƙyar. Bai buɗe jakar ba.

"Ƙauye mai tsabta," ya ce. "Kun burge ni. Amma Mista Gaughan, irin wannan akwai dubu a ƙasar nan. Ni abin da ya kawo ni, na karanta a wani tsohon littafi cewa akwai ɗakin dutse a nan, na masu ibadar dā, ya fi shekara dubu. Irinsa ba su fi a ƙirga ba. In yana nan, yau ɗin nan zan ɗage jakin. Ina yake?"

Maza suka dubi takalmansu.

"Yallaɓai," Delia ta ce, "ya hanya? Motarka ba ta sha wahala ba ko?"

"Ko kaɗan, uwar gida. Hanya lafiya lau."

"To a kansa ka zo."

Garin gyaran gira an rasa ido. Mista Considine ya tafi kafin la'asar, a hankali, kamar mai tuƙi a kan kabari. Kafin Malachy ya kai kantin Festy washegari labari ya riga shi.

"Barka da zuwa, injiniya!" in ji Festy. "An ce kun shimfiɗa shekara dubu a ƙasa don taya huɗu. Don Allah in kun gama ku zo ku duba mana hasumiyarmu, akwai rami a gaban coci."

Malachy ya ɗauki jakarsa ya fita. Shekara biyu bai rubuta wa Dublin ba. A ta uku ya ci gaba, don bai san yadda ake dainawa ba.

Gidaje tara suka koma shida, shida suka koma biyu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi: jinka ta zube, maƙwabta suka kwashe itacen rufi tunda katako tsada gare shi a inda bishiya ba ta fita, ciyawa mai ƙaiƙayi ta tsiro a ɗakunan da aka haifi mutane. A 1963 Delia ta kwanta, ciwon da ta ɓoye shekara guda ya fito fili. Maganarta ta ƙarshe da ya iya kamawa ba addu'a ba ce.

"Ka iya tona toka kuwa? Da gefen shebur ake yi, ba da baki ba. Wutar mutane ce, Malachy, ba taka ba. Ka kashe ta, ka gamu da ni."

Shekara ta zagayo ya ajiye aiki. Iyali na ƙarshe suka kawo shebur ɗinsu, matar ta zuba, ta rasa wa za ta ce wa a riƙe mata, ta faɗa wa Malachy tana kallon kujerar Delia. Attracta ta rubuto sau uku ya taho Cleveland, akwai ɗaki, akwai ɗumi. Ya amsa cewa yana da abin da yake jira. Ita ta ɗauka taswira yake nufi, wataƙila shi ma haka ya ɗauka. Kullum da safe yana tona toka da gefen shebur, yana kiran sunayen matan, sha shida, ya ƙara da na Delia.

Ana nan, wata ranar kaka a 1967, sai ga mota ta haye gada. Mista Considine ne, gemu ya yi fari, yana dogara sanda. Ya tsaya a tsakiyar ƙauye yana juyawa, ga kangaye a jere, ga tagogi babu komai sai sararin sama, ga tunkiya tana leƙowa daga ɗakin kwanan wani. Fuskarsa ta cika da murna kamar wanda aka yi wa albishir.

"Yauwa!" ya ce. "Mista Gaughan, yanzu ka yi magana. Wannan shi ne abu. Me ya sa ba ka rubuto mana haka ba?"

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Malachy ya kawo masa kujera da shayi, ya tsaya a bayansa yana kallon fensir yana tafiya. Ya ga gidan su Sabina ya fito, ya ga gada, ya ga tudu. Shekara talatin da ɗaya yana jiran wannan rana. Yana ta faɗa masa sunan mai kowane gida da shekarar da suka tashi, Mista Considine yana cewa "to, to," bai rubuta ko ɗaya ba.

Can mai zanen ya ɗaga kai ya dubi gidan ƙarshe, ya tsuke baki.

"Abu ɗaya ne ya ɓata shi. Hayaƙin nan. Kufai za mu sa, ka gane, ƙauyen da mutane suka watse. Kufai kuwa ba ya hayaƙi."

Malachy ya dubi hayaƙin. Ya tafi bakin rijiya ya cika bokiti, ya shiga gida. Ya tsaya a gaban murhu. Bokiti ɗaya ne tsakaninsa da abin da ya ba rayuwarsa, tsakanin jikokinsa da wutsiyar jaki. Wa zai sani? Matan nan rabinsu suna kabari a Amurka, sauran suna da murhun lantarki, babu wadda za ta zo da shebur. Ya ɗaga bokitin har ruwa ya ɗiga a toka ya yi cuu. Ya ji tsoro, ya ji kunya, irin kunyar da bai ji ba ko ranar ɗakin dutse. Ya daɗe a haka har hannunsa ya gaji. Daga nan ya ajiye bokitin, ya ƙara gawayi biyu a wutar, ya fito.

"Yallaɓai," ya ce, "ka yi haƙuri. Ba zan iya ba. Amana ce. In sai an kashe ta, to a bar jakin."

Mista Considine ya dube shi, ya dubi rigarsa da ta jiƙe, sai ya fashe da dariya.

"Haba, bawan Allah! Wa ya ce ka kashe wutarka? Ai fensir ba ya zana abin da ba a so. Duba nan."

Ya juyo masa takardar. Ga gidan Malachy a ƙarshen layi, an riga an cire masa rufi, an cire ƙofa, an sa ɗan tsuntsu a inda hayaƙi ke fita. Ya fi duk sauran kyau.

Sabon bugu ya fito da bazara. Yaron da ya gaji aikin Malachy bai kawo ba, don a takardun ofis an riga an soke Tooravalla daga hanyar rabo, sai Festy ya aiko a ce masa ya zo ya karɓa. Malachy bai je ba sai da aka sake aikowa. Ya tarar Festy, wanda yanzu ba ya gani sai da tabarau biyu, ya shimfiɗa ta a kan teburin awo ya danne kusurwoyin da gwangwanayen wake.

Ga Tooravalla, baƙi a kan fari, kangaye bakwai da tsuntsu. Jakin kuwa, da yake dole a kai shi wani wuri, an matsar da shi mil biyar gabas, gindinsa ya rufe rabin hasumiyar Dunkeera. Shekara talatin da biyu Malachy yana tanadin maganar da zai faɗa a irin wannan rana, ga ta ta zo har da kari. Bai ko kalli jakin ba. Idonsa na kan 'yan kalmomin da aka rubuta a ƙarƙashin kangayen: Kufan Tooravalla, babu kowa tun Babbar Yunwa, 1847.

Ya karanta sau biyu. Watau ba a haifi Sabina ta kai ɗari da huɗu ba, teku ba ta ci maza bakwai ba, ba a yi Delia ba, ba a yi Attracta ba. Shi kansa shekara talatin da takwas yana kai wa duwatsu wasiƙa. An sa su a tarihi, an kuma share su gaba ɗaya don su dace da shi.

"To, faɗi mana," in ji Festy. "Ga jakin a kaina. Faɗi abin da za ka faɗa, na shirya."

Malachy ya sake bin kalmomin da yatsa.

Festy ya cire tabarau ɗaya ya goge. "Ƙarya suka yi, Malachy," ya ce a hankali. "Ni na sha shayin Delia."

Malachy ya naɗe taswirar ya koma gida da ita. Ya share tebur ya shimfiɗa ta. Ya ɗauki ɗan guntun gawayi daga gefen murhu, ya jira ya huce, ya lanƙwasa a kan gidan ƙarshe kafin gada. Hannun da ya saba da rubutun ranar Lahadi ya ja layi ɗaya, baƙi, mai karkace, daga kan bangon zuwa sama, ya bi ta kan tsuntsun, ya ratsa shekarar 1847 ya ɓata ta. Ba zane mai kyau ba ne. Duk wanda ya gani zai ce wani ya ɓata taswira mai tsada.

Washegari ya sa ta a kwali mai tsawo, ya rubuta adireshin Cleveland, ya tuƙa mil biyar ɗin. Festy ya auna, ya manna kan sarki, ya buga hatimi da kansa, sannan ya jawo kujera.

"Zauna mana. Yau Asabar ce, kwalba ɗaya a kaina."

"Wata rana," in ji Malachy, yana ɗaure ƙafar wando. "Na baro wuta."